Kiɗe-kiɗen Jiya da Suka Ƙi Tsufa a Yammacin Zamfara

Kiɗan da ake sauraro yau a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum iri biyu ne. Akwai na yayi, wanda kan cika gari wata uku ko huɗu, kowane ɗan acaɓa da mai shayi yana kunna shi, daga nan sai a neme shi a rasa. Akwai kuma wanda aka gada daga shekarun 1950 zuwa na 1980, wanda mafi yawan masu shi sun daɗe da kwanta dama, amma muryoyinsu ba su bar kunnen jama'a ba. Ba dukan kiɗan wancan zamani ne ya kawo yau ba. Wani ya tsallako da ƙarfinsa, wani ya iso da ƙyar, wani kuma ya tsaya a hanya, kuma kowanne da dalilinsa.

Hanyar da waƙa take bi ta isa kunne ita ce ta fara tace abin da ya rage. A da, sai makaɗi ya zo gari da ƙafarsa ake jin sa, ranar salla ko naɗin sarauta ko biki ko gayya. Faifan garmaho ya shigo, amma bai cika wuce gidajen sarakuna da attajirai da ma'aikatan En'e ba. Abin da ya kai manyan makaɗa ƙauye shi ne rediyo, musamman gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, sai kuma Rima Rediyo ta Sakkwato, wadda ita ce ta jihar da waɗannan garuruwa suke ciki har zuwa 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Kaset ya biyo baya, ya ba mutum damar mallakar waƙar da yake so maimakon jiran ranar da za a sako ta. Bayan shigowar wayar salula a 2001, sannu a hankali aka koma memori. Duk lokacin da aka sauya na'ura, sai wani ya zauna ya kwafe tsohon abu zuwa sabo, kuma ba ya wahalar da kansa a kan abin da ba a tambaya. Saboda haka waƙar da ta ratso daga faifai zuwa kaset zuwa memori, jama'a ne suka yi ta neman ta har ta iso.

A yau kasuwar waƙa tana shagon cajin waya. Ana samun irin wannan shago a garuruwa da manyan ƙauyukan yankin, har da wuraren da haƙar zinari ta tara matasa daga nesa, irin su Bagega da Dareta na ƙasar Anka, waɗanda duniya ta san sunansu a 2010 lokacin da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tebur ne da jerin soket, da janareta ko farantin sola, da wata tsohuwar kwamfuta a gefe. Mutum ya zare memori daga wayarsa ya miƙa, ya faɗi abin da yake so. Kowane iri da ma'ajiyarsa: karatun Alƙur'ani, wa'azi, fina-finai, waƙoƙin zamani, sai na gargajiya. Mai neman sabuwar waƙa yakan kira sunan waƙar, wani lokaci ma bai san wanda ya yi ta ba. Mai neman ta gargajiya kuwa sunan makaɗi yake kira, ya ce a zuba masa Shata, a haɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan'anace, duk abin da aka samu nasu yana so. Da hukuma ta katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda matsalar 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako, hanyar shigowar sabuwar waƙa ta toshe. Abin da ke cikin memori da abin da rediyo ke sakowa su suka rage wa mutane, kuma a duka biyun tsofaffin makaɗa suna da kaso mai tsoka.

Wanda ya fi kowanne tsallakowa da ƙarfi shi ne kiɗan fada. Ba abin mamaki ba ne, domin tsohuwar ƙasar Zamfara da maƙwabtanta na Gobir da Kabi su ne matattarar wannan fanni. Ibrahim Narambaɗa na Tubali ta ƙasar Isa, makaɗin Sarkin Gobir Amadu, ya rasu tun farkon shekarun 1960. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya, ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku har ya rasu a 1973. Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya yi suna a Maradun, ya kai 1991. Sa'idu Faru ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Sarkin Kudu a Talatar Mafara, shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ta kudu maso yamma kuma, Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani sun riƙe fadar Yawuri. Mutumin Gummi ko Anka yana jin waɗannan bayin Allah da harshen da ya tashi da shi. Kalmar da ɗalibin jami'a a Kano zai nemi a yi masa bayaninta, shi a bakin kakarsa ya fara jin ta.

Kiɗan fada aikin ƙungiya ne. Akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai masu riƙe da kayan kiɗa, akwai sanƙira mai tsoma baki da kirari yana sanar da kyautar da aka yi. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru kotso suka kaɗa. Ganga ce mai siririn tsakiya, bakinta ɗaya aka rufe da fata, ɗayan a buɗe. Ana liƙa nake a tsakiyar fatar don ya ba ta zurfin murya, a rataya ta a kafaɗa, a kaɗa da yatsu ba da makaɗi ba. Jankiɗi kuwa taushi ya riƙa. Waƙar tana da gindi, wanda ake komawa gare shi, tana da ɗiya, waɗanda ake jerowa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya bambanta ta da sauran waƙoƙi shi ne aikin 'yan amshi. Ba maimaita gindi kaɗai suke yi ba. Jagora yakan fara ɗa ya sake shi a tsakiya, su cafe su ƙarasa, shi kuma ya tare su a gaba da wani sabo, ba tare da kiɗan ya yi tuntuɓe ba. Wannan ba ya samuwa sai mutane sun shekara da shekaru suna kwana wuri ɗaya suna bita, shi ya sa galibi 'yan amshin 'ya'ya ne da ƙanne da barorin gida.

Dalilin ɗorewar kiɗan fada na farko a fili yake: sarautar da aka yi shi dominta tana nan, ta ma ƙaru. Anka mazaunin Sarkin Zamfara ce tun ƙarni na 19, Gummi tana da Sarkin Mafara, Bukkuyum tana da Sarkin Danko, kuma bayan ƙirƙiro jiha kowace ta tsaya a matsayin masarauta mai cin gashin kanta, da hakimanta da masu riƙe da sarautunta. Kowane naɗi, kowane hawan salla, yana bukatar kiɗan da ya dace da rawani. Ko matashin da ya ɗauki hoton hawa da waya zai sa a TikTok, muryar Ɗanƙwairo yakan ɗora a kai, domin ya san sabuwar waƙar soyayya ba za ta ɗauki nauyin doki da alkyabba ba.

Dalili na biyu ya fi zurfi, kuma yana cikin maganar kanta. Waƙar fada ta ƙunshi yabo da zuga da jeranta asali, amma gishirinta zambo da habaici. Makaɗin fada ba ya kiran sunan abokin hamayyar ubangidansa. Sai ya siffanta shi: tafiyarsa, rowarsa, yadda ya kwana yana jiran sarautar da ba ta zo ba, yadda ya tara malamai da bokaye aka ci kuɗinsa a banza. Da yake ba a kira suna ba, wanda aka yi wa zambon ya mutu, amma rigar tana nan, kowane zamani yana samun wanda za ta yi wa daidai. Ɗan kasuwar da ake ƙyashi, da manomin da 'yan uba suka sa wa ido, da ɗan siyasar da ya sha da ƙyar, kowa yana jin kamar da shi ake. Mutumin da bai taɓa shiga zauren sarki ba yana iya haddace Bakandamiyar Narambaɗa saboda azancin da ke ciki, ba don sarautar Gobir ta dame shi ba. Mawaƙan zamani sun gane wannan. Aminu Ala, da Naziru Ahmad wanda Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa Sarkin Waƙa a 2018, sun ɗora salon fada a kan fiyano, sun kuma samu karɓuwa. Sai dai abin da na'ura take yi na ninka muryar mutum ɗaya bai kamo ƙafar karɓa-karɓar da mutum shida ke yi da numfashinsu ba, kuma mai kunnen kiɗa yana jin bambancin tun daga ɗan farko.

Bayan makaɗan fada sai Mamman Shata, wanda shi kaɗai ya isa a kira shi fanni. Haifaffen Musawa ne ta ƙasar Katsina, ya rasu a 1999, kuma bai ɗaure kansa ga fada ɗaya ba. Da kalangu ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji da mata, ya yi wa noma da zaman lafiya. Amshinsa gajere ne, 'yan amshi na riƙe da shi, shi kuma yana ƙirƙirar ɗiya nan take gwargwadon wanda ya gani a gabansa. Wannan sauƙi ne ya sa yaro ma yana iya kama amshin Shata a ji ɗaya. A motocin haya da ke bin hanyar Anka zuwa Daki Takwas zuwa Gummi, da wuya direban da ya manyanta ya rasa shi a memorinsa. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ma yana nan a kunnuwa saboda waƙoƙinsa na talakawa, irin ta karen mota da waɗanda suka shafi zaman aure. Amma kuntiginsa, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwani, bai samu magada masu yawa ba.

Kiɗan maza labarinsa ya rabu biyu. Na dambe yana da rai sosai, domin damben kansa yana da rai. Asalinsa wasan mahauta ne na lokacin kaka, kalangu kuma kayan kiɗansu ne na gado. Yanzu ya zama sana'a ta duk shekara, da gidajen dambe a birane, da ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada, da bidiyo da ake turawa waya zuwa waya. Ɗan dambe ba ya shiga fili sai an kaɗa masa takensa. Yana tsaye ana naɗe masa hannu da zare, makaɗi ya matse kalangu a hammata ya kira shi da sunan ubangidansa da na waɗanda ya kashe a baya, sai a ga jikinsa ya ɗauki tsuma ya ɗaga hannu yana kirari. Ba a yin wannan da kaset, dole sai makaɗi mai rai wanda ya san tarihin kowane ɗan wasa. Muhammadu Bawa Ɗan'anace shi ne ma'aunin da ake auna kowa da shi a nan, kuma waƙoƙinsa na ɗan dambe Shago har yau su ne abin da matashin makaɗin dambe yake fara koyo. Masu sauraron su sun wuce 'yan dambe nesa, domin maganar da ke ciki ta jarunta ce da mutuwa da ƙarewar duniya, abubuwan da mutanen wannan yanki suka sani a zahiri.

Na noma kuwa ya ja baya. Gangar noma gayya take bi, gayya kuma ta ragu tun da shanun huɗa da maganin feshi da ƙwadago suka karɓe aikin da samarin gari kan taru su yi a rana ɗaya. Rashin tsaro ya zo ya ƙarasa, domin wanda ke zuwa gona a ɗarare ba ya gayyato makaɗi ya sanar da daji inda yake. Ana jin waƙoƙin noma a rediyo idan damina ta faɗi, manoma kuma suna jin daɗinsu, amma a gona an daina jin gangar sai jefi-jefi.

Akwai wani reshe na kiɗan maza da ba a son ambato, amma barin sa rage gaskiya ne. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa, ya kuma yi wa ɓarayi. Muhammadu Gambu na ƙasar Kabi ya yi suna da waƙar ɓarayi kafin ya tuba ya bar ta. Gidajen rediyo ba su cika sako irin waɗannan ba, kaset ne ya yaɗa su, kuma har yau ana neman su. Mafi yawan masu sauraron su a yanzu hikimar zance da labarin wani zamani suke bi. Abin takaici shi ne salon zuga mai ɗaukar makami bai tsaya a tarihi ba. A shekarun nan an samu waƙoƙin da ke kambama shugabannin 'yan bindiga, suna yawo a wayoyi a cikin jihar da waɗannan mutane suka tashi ƙauyuka suka mayar da mata zawarawa. Ɗorewar salon kiɗa ba shaida ce ta alherinsa ba, kuma mai shagon da ke tura irin wannan waƙa yana da alhakin da ya kamata ya sani.

A ɓangaren mata, amada ce ta yi tsawon rai. Kayan kiɗanta suna cikin kowane gida: manyan ƙore a kife a ƙasa, wata kuma a kife a kan ruwa cikin masaki, ana bugawa da 'yan sanduna, ruwan yana ba ta amo mai kauri. Uwaliya Mai Amada ta Kano da Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, su suka fitar da ita daga tsakar gida zuwa kaset da talabijin. Abin da ya kare amada shi ne wurin da ake yin ta. Ba ta dogara da dandali ko otal ko kasuwar dare ba. A cikin gida ake yi, ranar biki ko suna, mata zalla. Maganarta kuma ba ta tsufa: kishiya, dangin miji, haihuwa, da kira ga mace ta kama sana'a kada ta zauna jiran hannun wani. Ko a bikin da aka ɗauko hayar kayan sauti, 'yan mata sukan gama rawarsu da sababbin waƙoƙi, amma idan iyaye da gwaggonni za su fito fili su yi liƙi, Barmani ake sakowa. Ado Gwanja ya gina sunansa a kan wannan salo na waƙar mata, ya shigar da shi situdiyo, wanda ya nuna kasuwar ba ta mutu ba.

Waƙar addini ta girmi duk waɗannan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru kusan biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, kuma waƙa tana cikin hanyoyin da shi da almajiransa suka bi wajen karantar da jama'a. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi waƙoƙin da mata 'yan taru suka riƙa haddacewa suna kai wa ƙauyuka. Ishiriniya tana nan a daren Maulidi, Infirajin Aliyu Namangi na Zariya yana nan a bakin makafi da tsofaffi, mandirin 'yan Ƙadiriyya yana nan a zawiyoyi. Bege ya sauya kaya sau da yawa, daga murya zalla zuwa mandiri zuwa fiyano, har wasu sha'irai a Kano suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna ɗora yabon Annabi a kai. Malamai sun yi saɓani a kan halaccin kayan kiɗa a cikinsa, kuma saɓanin bai ƙare ba. Duk da haka waƙoƙin Rabi'u Usman Baba da na Fadar Bege, wanda ya rasu a 2013, suna dawowa kowane watan Rabi'ul Awwal kamar jiya aka yi su.

Waɗanda suka tsaya a hanya, mafi bayyana a cikinsu goge ne da kukuma. A shekarun 1970 da 1980 babu kiɗan nishaɗi da ya kai su tashe. Garba Sufa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam, ɗan ƙasar Maradun da ya zauna Zariya, sun cika kasuwar kaset. Kukuma ƙaramar goge ce, ƙoƙo da aka rufe da fata, tsirkiyarta da izgar doki, kuma a hannun gwani tana magana kamar mutum. Matsalarta wurin zamanta ne: otal, gidan magajiya, ajo, wasan dare. Wa'azin da ya ƙarfafa bayan kafa ƙungiyar Izala a 1978 ya rage mata mutunci a idon jama'a. Da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, aka rufe gidajen giya da na karuwai, sai masu goge suka rasa inda za su zauna. Wasu suka bar jihar, wasu suka bar sana'ar. Garayar 'yan bori ta bi wannan hanya tun kafin nan. Kalangun 'yan mata a dandali da gaɗa a farin wata su ma sun yi rauni saboda makarantun Islamiyya na dare da sauyin tarbiyya, daga baya tsoron hari ya sa ƙauyuka da dama suka daina taron dare gaba ɗaya. Dattijon da ya yi samartaka da kukuma yana iya sauraron ta a ɗakinsa, amma ɗansa ba zai gayyato mai kukuma bikinsa ba. Kiɗan Turawa irin na Bala Mila na Kaduna, mai jita da ƙaho, dama bai taɓa yin saiwa a ƙauye ba.

Waƙoƙin fim, waɗanda ake kira nanaye, yanzu su ma sun shekara fiye da ashirin, don haka sun isa a yi musu hisabi. Tushensu fina-finan Indiya ne da Hausawa suka daɗe suna kallo a silima da talabijin, da kuma fiyanon Yamaha da ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990. Fim ɗin Sangaya ya nuna cewa waƙa ce ke sayar da fim, daga nan kowa ya bi. A matsayin fanni, nanaye ya ci kasuwa, shi ne abin da matasan Anka da Gummi suka fi saurare a yau, daga zamanin Fati Nijar zuwa na Nura M. Inuwa da Umar M. Sharif da Hamisu Breaker. Amma yadda ya ɗore ya sha bamban da yadda kiɗan fada ya ɗore. A nanaye salon ne ke ci gaba, waƙoƙin kuwa suna mutuwa da wuri, kowace sabuwa tana binne ta gabanta. Kaɗan ne daga na farkon shekarun 2000 ake nema yanzu, su ma galibi don tuna ƙuruciya. A kiɗan fada waƙoƙin da kansu ne suka rayu, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Waƙar siyasa ta fi kowace gajeren kwana, domin ranar da aka faɗi sakamakon zaɓe rabinta ke zama abin kunya ga mai kunnawa. Waƙoƙin da Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka kashe a Janairun 1966, sun tsira ne saboda an gina su da tubalin fada, ba da na yaƙin neman zaɓe ba.

Sauraron tsohuwar waƙa daban, rayuwar sana'ar da ta haife ta daban. Narambaɗa yana cikin dubban wayoyi, amma masu iya sassaƙa kotso su ɗaure shi su sa masa nake sun yi ƙaranci. Zuriyar Ɗanƙwairo sun riƙe ƙungiyar gidansu, amma gidajen makaɗa da yawa 'ya'yansu sun koma acaɓa ko ramin zinari ko ci-rani, domin mai sarautar da a da zai ba da doki da riga da hatsin shekara, yanzu mawaƙin situdiyo yake aika wa kuɗi a yi masa waƙa cikin kwana biyu. Abin da ke yawo a memori ma ba duka ne lafiyayye ba. An kwafe shi daga kaset ɗin da ya sha rana, wani an yanke farkonsa, wani an liƙa masa sunan makaɗin da ba shi ya yi ba. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da ya tattara matanin waƙoƙin baka masu yawa, da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, da ya yi littafi a kan Narambaɗa, sun yi aikin da ya ceci abu mai yawa. Sai dai hankali ya fi karkata ga manyan sunaye. Kowace fada a yammacin Zamfara tana da makaɗanta da masu busa da maroƙanta, kowane yanki yana da makaɗan noma da na dambe da zabiyoyinsa, kuma ba kowanne ne ya samu shiga faifai ko rediyo ba. Ga shi tashin ƙauyuka ya warwatsa wasunsu zuwa Anka da Gummi da Gusau a matsayin 'yan gudun hijira, inda babu mai tambayar su abin da ke kansu.

Ya kamata gidan rediyon Jihar Zamfara da sashen Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum su haɗa hannu su nemo dattawan makaɗan da suka rage, a ɗauki waƙoƙinsu da cikakkiyar ƙungiya, a rubuta sunan kowane ɗan amshi da wanda aka yi wa waƙar da lokacin da aka yi ta. Tsofaffin kaset da faya-fayan da ke ajiye a gidajen rediyon Kaduna da Sakkwato da gidajen sarauta su ma a mayar da su kwamfuta tun ba su lalace ba. Wanda kuma Allah ya hore wa yin naɗi ko aurar da ɗa, ya tuna da makaɗan garinsu ya gayyace su ya sallame su da kyau, domin da wannan sallama ce ɗan makaɗi zai yarda ya zauna ya koyi sana'ar ubansa.